Bakkale: Cutar Ɓarin Shanu da Nonon da Muke Sha a Kokoro

Duk wanda ya tashi a gidan Hausawa ko na Fulani a unguwar Kilomita Biyar ta Bangui ya san matsayin nono a cimarmu. Da shi ake dama fura, da shi ake gyara kunu, da shi ake buɗa baki a watan azumi, kuma idan mara lafiya ya ƙi cin komai, nono ake fita a nemo masa. Idan mai nono ta sauke jarkarta a kasuwar Kokoro ta jera robobinta, tambayoyin da ake yi mata ba sa wuce biyu. Na yau ne? An ƙara masa ruwa? Akwai ta uku da ta fi waɗannan nauyi, amma ba kasafai ake yin ta ba: an tafasa madarar kafin a kwantar da ita?

Dalilin wannan tambaya wata cuta ce da makiyaya suka sani tun kaka da kakanni. Fulani suna kiranta bakkale, Hausawa masu harkar shanu ma da wannan suna suka san ta. Idan ka je asibiti ko ofishin malaman dabbobi a Bangui, sunanta na Faransanci za ka ji, wato brucellose, kuma yana da kyau ka riƙe shi, domin wata rana kai ne za ka tuna wa likita. Ƙwayar cutar da ke haddasa ta ana kiranta Brucella. Tana da iri-iri: akwai wadda ta fi kama shanu, akwai ta awaki da tumaki, akwai ta aladu, akwai ta karnuka. Ta awaki da tumaki ita ce ta fi tsanani idan ta shiga jikin mutum, amma ta shanu ita ce ta fi shafar mu masu shan nono.

A garke, bakkale tana bayyana ne ta hanyar da ta fi ƙona wa makiyayi rai. Saniya ta ɗauki ciki, ta yi wata biyar, shida, bakwai, mai ita ya fara lissafin maraƙi da madara, sai a wayi gari ta yi ɓari. Wani lokaci ta kai ga haihuwa amma maraƙin ya zo a raunane, ya kasa miƙewa, ya mutu cikin 'yan kwanaki. Sau da yawa mabiyiya, wadda wasu ke ce wa uwa, takan maƙale ta ƙi faɗowa, ta ruɓe a ciki, saniyar ta daɗe ba ta sake ɗaukar ciki ba. Madararta ta ragu. Bijimi kuwa maraina suke kumbura masa, har ya daina barbara mai amfani. Akwai kuma alamar da tsofaffin makiyaya ke gane cutar da ita tun daga nesa: kumburi mai ruwa a gwiwa, mai laushi idan an taɓa, kamar an cusa ƙaramin gora a ƙarƙashin fata. Wannan kumburin ya fi fitowa a jikin shanun da suka daɗe da cutar, kuma a shanun Afirka an fi ganinsa.

Abin da ke yaudarar mutane shi ne, yawancin shanun da suka kamu sau ɗaya suke ɓari. Ciki na gaba sai ta haihu lafiya, maraƙi yana tsalle, a ce ai ta warke. Ba ta warke ba. Ƙwayar ta koma ta ɓuya a hantsa da ƙullutun da ke kewaye da ita, tana fita a cikin madara lokaci-lokaci, kuma duk sanda saniyar ta haihu tana zubar da ita da yawan gaske a cikin ruwan haihuwa da mabiyiya. Saniya mai ƙiba, mai sheƙin fata, mai cin ciyawa da kyau, tana iya kasancewa ita ce ke raba wa garke cutar shekara da shekaru. Sauran shanu kuma suna ɗauka ne ta baki: suna lasar maraƙin da aka zubar, suna lasar bayan uwar, suna cin ciyawar da ruwan ya zuba a kai, suna shan ruwa a mashaya ɗaya. Rana mai zafi tana kashe ƙwayar da wuri, amma a inuwa da laima, a cikin taɓo da kashin shanu, tana iya yin watanni da ranta. Wanda ya san tsawon damina a Bangui da kewayenta ya san abin da wannan ke nufi.

To, yaya yawanta yake?

A nan Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya, binciken da aka fi dogara da shi shi ne wanda Emmanuel Nakouné na Cibiyar Pasteur ta Bangui da abokan aikinsa suka wallafa a 2004. Sun gwada jinin shanu 2,032 daga sassan ƙasar, suka sami alamar bakkale a kashi 3.3 cikin ɗari. Wato kusan saniya ɗaya cikin talatin. Sun kuma lura cewa cutar ba ta bazu daidai wa daida ba: wani yanki ya fi wani, wani garke ya fi wani. A cikin wannan aikin ne suka gwada wasu shanu 784 don wata cutar ta daban mai suna zazzaɓin Q, wadda ita ma ke sa ɓari kuma ke kama mutane, suka same ta a kashi 14.3.

Gwajin bakkale da suka yi amfani da shi mai sauƙi ne, ana kiransa Rose Bengal, kuma ya kamata mai shanu ya san yadda yake don ya daina jin tsoronsa. Ana ɗiban jini a jijiyar wuyan saniya ko ta gindin wutsiya, a bar shi ya daskare, ruwa mai ɗorawa-ɗorawa ya taso sama. A ɗiga wannan ruwan a kan farin faranti, a ɗiga ruwan gwaji mai launin hoda kusa da shi, a gauraya da ɗan tsinke, a riƙa jujjuya farantin a hankali na minti huɗu. Idan saniyar lafiya take, haɗin zai tsaya sumul. Idan ta taɓa karo da ƙwayar, sai ka ga ya dunƙule ƙanana-ƙanana kamar madarar da ta tsinke a tukunya. Ba ya bukatar wutar lantarki a wurin yin sa, ba ya bukatar babbar na'ura, sai dai a ajiye ruwan gwajin a sanyi. Ana yin sa ga mutum ma.

Idan muka leƙa maƙwabta, za mu ga lissafin yana hawa yana sauka sosai. A Cadi, wadda garkunanta ke gangarowa ƙasar nan da rani neman ciyawa da ruwa, wani bincike da aka wallafa a 2003 kan makiyaya Fulani da Larabawa ya sami cutar a kashi 7 cikin ɗari na shanunsu. A arewacin Najeriya, masana daga Najeriya da Afirka ta Kudu sun gwada shanu 4,745 a garke 271 a jihohin Adamawa da Kaduna da Kano, suka wallafa sakamako a 2012: kimanin kashi 26 cikin ɗari na shanun suna ɗauke da alamar cutar, kuma a cikin kowane garke huɗu, uku suna da aƙalla dabba ɗaya mai ita. Akwai wasu binciken a Najeriyar da suka sami abin da bai kai haka ba nesa ba kusa ba, domin sakamako yana bin wurin da aka je da irin gwajin da aka yi. Cutar kuma ba sabuwa ba ce a can, tun 1927 aka fara rubuta labarinta.

Binciken da ya fi kusa da batunmu na shanun tatsa shi ne wanda aka wallafa a 2019. Masu shi ba jinin saniya ɗaya-ɗaya suka bi ba. Sun je garkunan da ke kewayen birane suna kai wa mutanen gari madara, a wurare goma cikin ƙasashe bakwai na yammaci da tsakiyar Afirka, suka ɗebi madarar garke bayan an haɗa ta wuri ɗaya, suka gwada. A kewayen Lome, garke 62 cikin ɗari suka nuna alamar cutar. A Bamako, 32.5. A Bujumbura kusan 15, a Bamenda kusan 13. A Ngaundere kuwa 2.3 ne kawai, a Yamai 1.2. Dubi tazarar da ke tsakanin Bamenda da Ngaundere, duk a cikin Kamaru ɗaya. Wannan shi ke nuna cewa babu lamba ɗaya da za a ce ita ce ta Afirka, ko ta ƙasa guda. Bakkale cutar garke ce. Inda ta shiga takan yi kaka-gida, inda ba ta shiga ba sai a zauna lafiya har ranar da aka sayo saniyar da za ta kawo ta.

Mai karatu zai iya cewa, to ai namu da sauƙi, ɗaya cikin talatin ba abin tashin hankali ba ne. Ina da dalili biyu na ƙin yarda da wannan.

Na farko, ba madarar saniya ɗaya muke sha ba. Da asuba a ruga, mai tatsa tana bin shanu ɗaya bayan ɗaya da ƙwarya guda, tana juyewa a babban mazubi. Shanunmu na gida, jajaye masu dogon ƙaho na Jafun ko farare na Aku, ba sa ba da madara mai yawa, lita ɗaya ko biyu a rana bayan maraƙi ya sha nasa. Kafin a cika jarka mai lita ashirin, sai an haɗa ta shanu da yawa, wani lokaci ta gidaje da yawa. Mai sari ya haɗa ta wannan ruga da ta waccan, ya ɗaura a babur ya shigo gari. Kofin da ka saya a Kokoro yana iya zama da ɗigon shanu ashirin ko talatin a ciki. Hausawa sun ce wake ɗaya ke ɓata gari. Gaskiya ne cewa ba kowace saniya mai alamar cutar a jini ce ke fitar da ƙwayar a madara kullum ba, amma mai shan ɗanyen nono ba sau ɗaya yake sha ba, kullum ne, shekara bayan shekara, kuma ƙwayar ba ta bukatar yawa kafin ta kama mutum.

Na biyu, lissafin 2004 ya haura shekara ashirin, kuma shekarun da suka biyo bayansa ba na zaman lafiya ba ne ga shanu da masu su. Babu wanda ke zaune a Kilomita Biyar da yake bukatar a ba shi labarin rikicin 2013 da 2014. Makiyaya da yawa sun tsere Kamaru da Cadi da abin da ya rage musu, an kwashe garkuna, an gauraya su, an sayar da su hannu zuwa hannu, aikin malaman dabbobi ya tsaya a yankuna da dama. Waɗanda suka dawo daga baya sun sake haɗa garke da abin da suka samu, ta saye ko ta aro ko ta taimakon dangi, ba tare da sanin tarihin kowace saniya ba. Ga kuma garkunan Cadi da Sudan da ke shigowa kowane rani, ana haɗuwa a burtali da mashaya. Cakuɗuwar shanun da ba su san juna ba ita ce babbar hanyar bakkale. Saboda haka wanda ya ɗauki kashi 3.3 a matsayin hoton yau ya yi ganganci.

Akwai wani abu kuma da masana suka lura da shi wanda ya saɓa wa tunanin mutanen birni. Mukan zaci cutar dabbobi ta daji ce, ta makiyayi mai yawo, gonar zamani kuwa tsaf take. Wani nazari da aka wallafa a 2014, wanda ya tattara binciken da aka yi a Najeriya tsawon shekaru da dama, ya yi gargaɗin cewa haɗarin yana ƙaruwa ne yayin da ake zaunar da shanu wuri ɗaya ana tara su. Dalilin a bayyane yake. Makiyayi mai tafiya, idan saniyarsa ta yi ɓari a nan, gobe ya tashi ya bar wurin, rana ta gasa abin da ya zuba. Wanda ya killace shanu goma a bayan gida ko a ƙaramin fili a bakin gari, a nan suke haihuwa, a nan suke ci, a nan suke kwana. 'Yan kasuwarmu da suka fara sha'awar ajiye shanun tatsa a hanyar Boali ko ta Damara, wannan magana tasu ce.

Yadda aka gano alaƙar cutar da madara labari ne da ya dace a sani. A tsibirin Malta da ke tekun Bahar Rum, sojojin Ingila sun daɗe suna fama da wani zazzaɓi mai tafiya yana dawowa. A 1887 wani likitan soja, David Bruce, ya ware ƙwayar daga saifar waɗanda suka mutu, kuma daga sunansa aka samo sunan Brucella. Amma an ɗauki shekara goma sha takwas ba a san ta inda take shiga jiki ba, sai a 1905 wani likita ɗan tsibirin, Themistocles Zammit, ya gano cewa awakin da ake tatsa a ƙofar gidaje, masu kama da lafiyayyu, su ne ke ɗauke da ita. Da aka hana sojoji shan ɗanyar madarar awaki, cutar ta kusan ɓacewa daga barikinsu. A Danmak kuma, Bernhard Bang ya gano ƙwayar da ke sa shanu ɓari a 1897. Wata masaniya Ba'amurkiya, Alice Evans, ita ce ta nuna a 1918 cewa ƙwayoyin biyu 'yan gida ɗaya ne, ta dage cewa madarar shanu ma tana iya cutar da mutum. Masu sana'ar madara sun yi mata ca, amma daga baya maganarta ta tabbata, kuma tana cikin dalilan da suka sa dafa madara kafin a sayar ya zama doka a ƙasashe da yawa. A yau ƙasashe irin su Ostareliya sun kawar da bakkale daga shanunsu gaba ɗaya. Amma wani ƙiyasi da aka fitar a 2023 ya nuna cewa mutum kusan miliyan 2.1 ke kamuwa da ita kowace shekara a duniya, mafi yawansu a Afirka da Asiya.

Bayan madara, hanya ta biyu da cutar take shiga jikin mutum ita ce hannu. Ka tuna yadda ake yi idan mabiyiya ta maƙale: mutum ya naɗe hannun riga, ya tura hannunsa har kafaɗa a cikin saniya, ya ɓanɓaro ta a hankali. Hannun makiyayi kuwa ba ya rasa kaushi ko tsagar ƙaya. Ta wannan 'yar tsagar ƙwayar ke shiga, ko ta ido idan ruwan ya fantsama, ko ta baki idan ya goge fuska. Yaro ya ɗauki maraƙin da aka zubar ya jefar bayan ruga, kare ya ja shi ya kai bakin rafi. Haka mahauta. Wanda ke fiɗa a mayanka irin ta Ngola, idan ya farke saniya ya tarar da ɗa a cikinta, ya kama mahaifar da hannu ya yanke, yana taɓa wurin da ƙwayar ta fi taruwa a duk jikin dabbar. Mai wankin kayan ciki, mai gyaran fata, malamin dabbobi, duk suna layi ɗaya. Naman kansa ba shi ne abin tsoro ba idan ya dahu sosai. Tsire da balangu da suka gasu har ciki, da naman miya, babu laifi. Abin gudu shi ne ɗanyar hanta ko saifa, da hantsa da maraina da ba su ji wuta ba. Mutum kuma ba ya shafa wa mutum ita ta zama tare ko cin abinci a kwano ɗaya, saboda haka babu dalilin ƙyamar mai jinya.

A jikin ɗan Adam, cutar takan fito bayan sati biyu zuwa huɗu, wani lokaci har wata biyu. Zazzaɓi ne mai tasowa da yamma, ya sauka da safe, ya yi kwanaki ya ɓace, sannan ya dawo. Gumi cikin dare har zanin gado ya jiƙe. Kasala irin wadda ke sa mai ƙarfi ya kasa ɗaga abin da ya saba ɗauka. Ciwon kai, ciwon gaɓoɓi, ciwon ƙugu da baya, rashin son abinci, rama. Wasu maza maraina ke kumbura musu da zafi, kunya ta hana su faɗa. Mace mai ciki tana iya yin ɓari. Ba ta cika kisa ba, waɗanda take kashewa ba su wuce biyu cikin ɗari ba, yawanci idan ta kama zuciya. Amma tana iya cin watanni ko shekaru a jikin mutum, ta zaizaye ƙashin bayansa, ta raba shi da sana'arsa.

A nan ne abin ya fi damuna. A Bangui kowane zazzaɓi palu ne har sai an tabbatar da akasin haka, kuma ba laifin kowa ba ne, domin palu, wato zazzaɓin cizon sauro, shi ne ya fi kai mutane asibiti a ƙasar nan. Mutum ya sha maganin palu na kwana uku, zazzaɓin ya lafa don dama lafawa yake yi da kansa, a ce magani ya yi aiki. Bayan sati biyu ya dawo, a ce taifot ne, a sayo wasu ƙwayoyin. Ya sake dawowa, a ce shawara ce, ko sanyi, ko kuma a fara zargin sammu. Kuɗi suna ta tafiya, jiki yana ta ƙarewa, alhali gwajin da zai warware zancen bai wuce ɗigon jini a faranti ba. Likita ba zai yi tunanin bakkale ba idan ba a ba shi abin kamawa ba. Idan zazzaɓi ya wuce sati biyu yana tafiya yana dawowa, musamman idan gwajin palu bai nuna komai ba, ka buɗe baki ka faɗa masa: ni mahauci ne, ko ina kiwo, ko saniyarmu ta yi ɓari na taɓa, ko a gidanmu ɗanyen nono muke sha. Ka ambaci sunan brucellose, ka nemi a gwada ka.

Tana da magani, amma sai da haƙuri. Ƙwayar tana ɓuya ne a cikin ƙwayoyin jikin da aikinsu shi ne kashe ta, shi ya sa magani ɗaya na kwana biyar ba ya kai mata. Ana haɗa magani biyu ne, yawanci doxycycline da rifampicin, a sha sati shida cur ba fashi, ko a haɗa na farkon da allura. Idan ta shiga ƙashi ko zuciya, jinyar ta fi haka tsawo. Bayan sati ɗaya ko biyu mutum zai ji garau, kuma a nan ne da yawa ke ajiye magani, cutar ta dawo. Rifampicin yana mayar da fitsari ja-ja, kada wannan ya tsorata mai sha. Amma kada kowa ya je ya sayo waɗannan a teburin mai magani ya haɗa wa kansa. Rifampicin ginshiƙin maganin tarin fuka ne, shan sa barkatai yana koya wa ƙwayar tarin jure masa, kuma alamun cututtukan biyu sukan yi kama, sai likita ya bambance. Doxycycline kuma ba a ba mai ciki da ƙananan yara, akwai wanda ake musanya musu da shi.

Saniya kuwa ba ta da maganin da za a dogara da shi. Allurar Terramycin da ake ɗura wa shanu kan kowane ciwo ba ta raba ta da bakkale, asarar kuɗi ce, ga ragowar maganin yana fita a madarar da yara za su sha. Fasa kumburin gwiwa da wuƙa ko ƙona shi da ƙarfe ma ba magani ba ne, ruwan da ke fitowa cike yake da ƙwayar. Abin da ke aiki shi ne tsare garke. Saniyar da ta yi ɓari a ware ta, a ɗaure ta nesa da sauran har ruwan da ke zubo mata ya ƙafe, abin da kan ɗauki sati biyu zuwa uku ko fiye. Ɗan da mabiyiyar a haƙa rami mai zurfi a binne inda kare ba zai tono ba, ko a ƙone. Wanda zai taɓa ya sa safar hannu, idan babu ya zura hannunsa a leda mai kauri ya ɗaure, ya wanke da sabulu bayan ya gama, kuma kada a bar mai ciki ko yaro su yi wannan aikin. Akwai rigakafi mai suna S19 da ake yi wa 'yan maruƙa mata tun suna 'yan watanni, kuma cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom, kusa da Jos, tana cikin masu yin sa. Aikin malamin dabbobi ne, domin ƙwayar da ke cikinsa mai rai ce, tana iya sa saniya mai ciki ɓari, tana iya kama mutumin da allurar ta soka. Rigakafin mutane kuwa babu.

Sai maganar da ta fi wuya a faɗa, amma dole a faɗe ta. Idan saniya ta yi ɓari sau ɗaya ko biyu, abin da aka saba shi ne a kai ta kara a sayar, dillali ya yabe ta, wani ya saya da murna ya kai garkensa. Wannan tura wa ɗan'uwa masifa ne, kuma addininmu ya hana ɓoye aibin haja. Irin wannan saniya a sayar wa mahauci don yanka, a gaya masa dalili don ya kiyaye hannunsa. Haka kyakkyawar al'adar Fulani ta haɓɓanaye, inda ake ba wanda ya rasa dukiya aron karsana ya samu iri: alheri ne babba, kuma cikarsa shi ne a ba da wadda aka san lafiyarta. Hukumar bunƙasa kiwo ta ANDE da ƙungiyar makiyaya ta ƙasa FNEC su ne suka fi kusa da masu shanu. Da za su kai faranti da ruwan gwaji kasuwannin shanu da rugagen da ke ba Bangui madara, su sake ƙirga cutar kamar yadda aka yi a 2004, da mai saye ya san abin da yake saye, likitoci ma su san abin da za su nema.

Kada wani ya karanta wannan ya ce ya bar nono, ko ya fara kallon matan da ke kawo shi da ido na zargi. Nono abinci ne mai gina jiki da yaranmu ke bukata, kuma da kuɗinsa gidaje da yawa ke cin abinci. Gyaran ƙarami ne. A masana'anta ana ɗumama madara zuwa digiri 72 na daƙiƙa 15, wannan ya isa ya kashe ƙwayar. A gida ba mu da ma'auni, saboda haka a ɗora ta a wuta ana motsawa har ta tafasa ta taso da kumfa, a sauke, a rufe, ta huce. Wannan tafasar tana kashe ƙwayar bakkale, tana kashe ta tarin fukan shanu. Tsami kaɗai ba abin dogaro ba ne: nonon da ya kwana ɗaya ko biyu yana rage ƙwayar amma ba ya tabbatar da ƙarewarta, kuma man shanu da cukun da aka yi da ɗanyar madara suna iya riƙe ta makonni. Sanyin firji adana ta yake yi. Masu kindirmo da yawa dama suna dafa madararsu kafin su sa mata iri, su ci gaba, sai dai irin ma ya zama daga dafaffiya, kuma kada a ƙara ɗanya a kan dafaffiya don a cika mazubi. Madarar gari ta gwangwani ko ta buhu ba ta da wannan matsala muddin ba a gauraya ta da ɗanya ba. Madara mai ɗumi daga hantsa, wadda ake ba yaro ko mai jego don a ƙara musu ƙarfi, ita ce ta fi kowacce haɗari. Tafasawa kuma ba ta cutar da saniyar da aka tatsa, ba ta ƙafar mata da hantsa, kamar yadda wasu ke tsoro.

Uwar gida, gobe idan kin je Kokoro sayen nono, ki tambayi mai shi da fara'a ko an dafa madarar kafin a kwantar. Idan ɗanyar madara kika sayo, ki tafasa ta kafin kowa ya kai baki. Idan kuma akwai wani a gidan da zazzaɓinsa ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, a kai shi asibiti a wannan satin, a gaya wa likita irin nonon da ake sha a gidan.